Shekarar da Na Tashi daga Sufra

Na karanta tarihin dauloli iya abin da idona ya ɗauka, na koyar da shi har alli ya cinye mini yatsu, kuma abu ɗaya na fito da shi: al'umma tana tsayuwa ne a kan sanin wanda zai zauna a ina idan an sauke tukunya. Duk inda kuka ji an ce wata daula ta rushe, ku bincika da kyau, za ku tarar mutanenta sun daɗe da daina cin abinci tare. Wannan ra'ayina ne tun ina saurayi, kuma a kansa na gina gidana a unguwar Ka'akiyya. Shi ya sa ya wajaba in yi muku bayanin yadda aka yi mai wannan ra'ayi ya shekara bakwai bai zauna da ku a kan abinci ba. Na san abin da kuke faɗa. Abdulkarim ya taɓa gaya wa baƙi, ina jinsa daga ɗaki, wai Baba ba ya son girkin Umma. Nafisa kuma har gobe tana ganin faɗa muka yi da kakarku. Ku biyun kun faɗi jarrabawa, amma laifin na malamin ne, tunda bai ba da darasin ba.

Ni a nan Makka aka haife ni. Kakana ne ya taso daga ƙasar Katsina da ƙafa, ya ratsa Chadi da Sudan yana noma yana ɗinki, bai iso ba sai da furfura. Mahaifina ya girma cikin mutanen Hijaz, saboda haka a gidanmu ba a raba kwanon maza da na mata. Ana shimfiɗa sufra ne a ƙasa, a jera abinci a kai, kowa ya kewaye. Da na yi aure na mayar da wannan al'ada doka. Ba a kai wa kowa abinci ɗaki sai mara lafiya, ba a cin komai a tsaye, kuma a kan sufra Hausa ake yi. Wanda ya ce "abga" maimakon "ina so" sai ya maimaita kafin a miƙa masa. Ina alfahari da wannan doka kamar yadda wasu ke alfahari da gidan bene, kuma nakan ba abokan aikina labarinta ko ba su tambaya ba.

A shekarar da nake ba ku labari Inna, mahaifiyar Ummanku Hajara, ta dawo wurinmu da zama. Ɗanta da take hannunsa ya sami aiki a Riyad, ita kuma ta ce ba ta baro ƙauyensu da goyo a baya ta sha rana a Sudan don ta mutu a inda ba a jin kiran sallar Harami ba. Na yi murna da zuwanta, kuma na ƙudura zan nuna wa unguwa yadda ake riƙon suruka. Na ba ta wurin da ya fi kowane daraja a sufra, wato kusa da ni, ta hannun dama. Ni da kaina nake tsinto mata tsoka in ajiye a gabanta. Takan ja mayafi ta rufe rabin fuska, ta ce, "Allah ya yi albarka, Malam," ta ɗan taɓa shinkafar da yatsa biyu. Bayan mako guda ta fara azumin Litinin da Alhamis. Daga nan ta ƙara da kwana ukun tsakiyar wata, daga nan na daina gane ranar da ba ta azumi. Takan sha ruwa da dabino uku da shayi lokacin da nake masallaci sallar magariba, in aka shimfiɗa sufra bayan isha'i ta ce ta ƙoshi. Ni kuwa ina yabon ibadarta har a ɗakin malamai.

Wata uku ana haka, ran nan jiri ya ɗebe ta a bakin banɗaki. Likita ya auna ta, ya duba jini, ya ce babu wata cuta, yunwa ce. Da Larabci ya faɗa, a gaban mutane, yana dubana ta saman tabarau. Ya ƙara da cewa in aka ci gaba a haka sai an kwantar da ita an sa mata ruwa, kuma mai shekarunta in ya kwanta ba kullum yake tashi ba. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Da muka dawo na tsare Ummanku na ce ta je ta tambayo Inna abin da ranta ke so, ko a ina yake. Ta daɗe a ɗakin, sannan ta fito tana kallon ƙasa.

"Ta ce in gaya wa Malam geron ƙasar nan warin buhu yake yi."

Nan take na gane cutar, ko na ce na ɗauka na gane. Harshe ma yana kewar gida. Mace ta tashi da furar sabon gero, an kawo ta inda geron kanti ya yi wata da watanni a cikin jirgin ruwa. Na bincika wurin wani abokin aikina mutumin kudancin ƙasar nan, ya ce in sabon gero nake nema in gangara Tihama, filin nan da ke tsakanin duwatsu da teku, yanzu ne ma lokacinsa. Mutanen Makka da zafi sukan hau Ɗa'ifa, da sanyi su gangara Tihama, ni kuwa ban taɓa zuwa ba, duk da na sha zana ta a allo. Hutun rabin shekara na zuwa na kai ku gidan Gwaggo Asabe, na sa aka duba tayoyin tsohuwar motata, muka kama hanya bayan sallar asuba mu uku. Inna ta zauna a baya, daidai bayan kujerata, inda madubi ba ya kamo ta. Na ɗauka hasken rana take gudu.

Sanyin Tihama ba ya cizo. Iska ce mai laushi daga teku, sama wankakkiya, raƙuma na kiwo a bakin titi ba mai tsaronsu. Da azahar muka tsaya kusa da garin Lis, a wata rumfar masu kifi inda kake nuna wanda kake so a cikin ƙanƙara a soya maka. Akwai sashen iyali, ƙananan ɗakuna masu labule. Aka kawo mana kifi ya soyu har yana ƙara, da jar shinkafar nan da ake dafawa da albasa, da miyar tsamiya mai yaji. Na zare ƙaya da hannuna na tura wa Inna farin naman. Ta yi godiya, ta ce ƙarnin teku bai karɓe ta ba. Na cinye nawa da nata, don ɓarna haramun ce, na kuma yi musu bayani a kan hanyar da alhazan Yaman ke bi a zamanin da. 

Washegari muka bar bakin teku muka shiga cikin ƙasa, wajen garin Kunfuda, inda kasuwanni ke ci da sunan rana. Ta Talata muka tarar. Ban san akwai irin wannan wuri a ƙasar da aka haife ni ba. Maza da manyan hulunan kaba, da yawansu baƙaƙe kamarmu, mata zaune a bayan kwanduna, ga dawa fara da ja, ga gero ɗauri-ɗauri da zangarniyarsa, ga riɗi, ga zuma a cikin garwa, ga man shanu mai ƙanshin hayaƙi, ga 'yan akuyoyi sai kuka suke. A gefe an rufe wa wani raƙumi ido yana kewaya turmin matse man riɗi, yana tafiya da natsuwar wanda ya tabbata ya kusa isa. Na tsaya na dube shi da kyau, don na san malamai irinsa. Inna kuwa, wadda sai an riƙe ta take hawa matakalar gidanmu, sai ga ta ta wuce gaba. Ta durƙusa gaban wata mai gero, ta murje zangarniya a tafin hannu, ta hure, ta juya mini baya ta jefa ƙwaya biyu a baki. Larabcinta bai fi na cefane ba, Larabcin matar kuma ni kaina da digirina rabi nake kamawa, amma suka yi ciniki da yatsu da harara har matar ta kama hannunta tana dariya. Na ji Inna tana ce wa Ummanku, wannan gero ne, ba wancan tsakuwar ba. Na sayi buhu biyu.

Gidan abincin da ke bakin kasuwar ba shi da sashen iyali. Rumfa ce da dogayen gadajen igiya, mazaje na zaune a kai suna ci. Mai wurin, wani dattijo siriri mai jan gemu, ya dubi matan da ke bayana ya ce ba a barin baƙi a mota a garinsu, su shiga cikin gida wurin iyalinsa, ni kuma in hau gado. Na so in yi masa bayanin dokar gidana, amma ya riga ya ƙwala wa matarsa kira. Haka aka raba mu. Aka kawo mini hanis, naman ɗan akuya da ake rufewa a rami mai zafi da ganyen wani itace har ya saki ƙashi, sannan marsa, gurasa da aka murje da ayaba da zuma da man shanu. Manoman da ke kusa da ni suka tambaye ni daga ina, na ce daga Makka. Suka ce kafin Makka fa? Na ce Makka. Dattijon ya ce su ƙyale ni, duk wanda ya ci marsa da yatsa biyar kamar haka ɗan gida ne. Muna cikin haka na ji dariya ta bayan katanga, dariyar tsohuwa, har da tari. Wata uku tana gidana ban san muryar dariyarta ba.

Da suka fito idon Ummanku ya yi ja. Ta matso ta ce mini a hankali Inna ta ci. Ta cinye kwano guda na tuwon geron da suke damawa da nono da man shanu, ta ci nama, ta nemi ƙari, har ta nuna wa matan gidan yadda ake cura fura. Ban san lokacin da na ce alhamdu lillahi da ƙarfi ba. A mota na yi jawabi mai tsawo a kan hatsi da ƙasa da jinin ɗan Adam. Ina jin ban taɓa gamsuwa da kaina kamar yammacin nan ba.

Rana ta uku, a hanyar dawowa, na nemi gidan abinci mai ɗakin iyali, na sa aka yi mana irin tuwon jiya sak, da nono da man shanu, don in ga abin da idona. Na zauna kusa da ita, na tura mata kwanon. Ta ja mayafi. Ta ce jiya ta ci da yawa, cikinta bai sauka ba tukuna. Na zauna ina duban kwanon yana hucewa. Duk wanda ya taɓa koyarwa ya san in ɗalibi ya ci tambaya jiya ya faɗi ita ɗin yau, ba tambayar za ka bincika ba, sai ka duba abin da ya canza a ajin. Na ce zan je in duba ruwan mota. Na fita, na yi 'yan mintoci, na dawo ba tare da na yi gyaran murya ba. Labulen bai rufe duka ba. Na ga hannunta yana kai da komowa tsakanin kwano da baki, da sauri, irin cin wanda ya san lokacinsa kaɗan ne. Iska ta motsa labulen, ta hango takalmina. Ta janye hannun ta ɓoye cikin mayafi, ta daina tauna da abincin a bakinta.

Na koma wurin mota na tsaya. Can Ummanku ta fito neman ruwan wanke hannu, na kira ta.

"Hajara, me ke hana Inna cin abinci?"

"Malam, ka tabbata kana son ji?"

"Kwana uku nake tuƙi don in ji."

"To, kai ne."

Na ce ta yi mini bayani. Ta ce surukata ce, kuma a garinsu mace ba ta tauna a gaban mijin 'yarta, ko ruwa za ta sha sai ta juya baya. Na ce ai wannan na san shi, kunya ce, na karanta, har ina kawo ta misali a aji in ana zancen al'adun kakanni.

"Ka karanta," in ji ta. "Sannan ka dawo gida ka zaunar da ita a gefenka kana zuba mata nama kana kallon bakinta."

Na tambaye ta me ya hana ta kai mata ɗaki in na fita. Ta ce ta kai, ba sau ɗaya ba. Inna ta ce ba ta zo gidan mutane don ta karya dokar mai gida ba, kuma ba za ta ci abinci a ɓoye kamar mage ba. Ta kuma rantsar da ita kada ta gaya mini, don kada a ce daga zuwanta an canza tsarin gida. Maganar gero kuwa, ta faɗa ne don in bar ta ta huta. Ummanku ta ce duk da rantsuwar sau biyu tana ɗauko mini zancen ta gefe. Na farko na yi mata bayanin yadda Andalus ta faɗi. Na biyu ta manta ko wace daula ce.

Daga nan zuwa Makka ban yi jawabi ba. Ina tuƙi ina shirya hujjoji, don ina da su. A shari'a ita muharramata ce, uwa ce, babu abin da ya hana ta ci a gabana, kuma ina iya kawo wannan daga littafi fiye da ɗaya. Na san in na zauna na jera mata, za ta sunkuyar da kai ta ce gaskiya ne Malam, washegari kuma ta tashi da azumi. Na san kuma in na ce daga yau a riƙa kai mata ɗaki, za ta gane an tona ta, ta ga ta zama mara lafiyar gida, ita kaɗai a bayan ƙofa tana jin hayaniyar jikokinta. Sufra ɗaya ce a gidan, kuma ɗayanmu ne zai zauna a kanta. Wajen Lis, inda na cinye kifinta, na yanke shawara. A rayuwata wannan ce muhawara ɗaya da na tabbata zan ci, na kuma ƙi buɗe ta, kuma in za a tambaye ni abin da na fi alfahari da shi, ita zan nuna kafin takardun da ke rataye a falo.

Ban gaya wa Inna komai ba, na kuma hana Ummanku. Da aka koma makaranta na je na roƙi a ƙara mini azuzuwan yamma, don in na ce aiki ya hana ni dawowa cin rana ya zama ban yi ƙarya ba. Shugaban makarantar ya dube ni kamar na zauce, don ba a taɓa roƙonsa aiki ba. Abincin rana na koma ci a shagon wani Bayamane mai shinkafar mandi. Na dare kuma na ce likita ya hana ni cin mai nauyi, wanda daga baya ya zama gaskiya, albarkacin Bayamanen. Ana ajiye mini ɗan abu a ɗakin karatu in ci ni kaɗai, ƙofa a rufe. Doka ban soke ta ba, ta ci gaba da aiki a kan kowa: a zauna tare, a yi Hausa. Ranar farko ina zaune cikin littattafai na ji Inna tana ce wa Abdulkarim ya sauke gwiwarsa daga kan sufra, shi ba ɗan sarki ba ne. Na ji ƙarar cokali a kwanonta. Kafin azumin Ramadan ta koma hawa matakala ba mai riƙe ta.

Abin ya ci mini, ba zan ɓoye muku ba. A kan abinci yara ke faɗin abin da ke ransu, saboda haka na zama na ƙarshen jin komai a gidana. Ranar da Nafisa ta zo ta ɗaya a ajinsu, a bakin maƙwabci na ji. Lokacin da Abdulkarim ya fara tunanin barin karatu ya bi masu aikin abinci a Arfa, an yi wata ana tattaunawa a sufra kafin labarin ya ƙwanƙwasa ƙofar ɗakin karatu. Sumayya, da aka haifa bayan tafiyar, ta kai shekara shida tana ɗauka ni wani malami ne da ke haya a gidan. Matan unguwa suka yi ta yi da Ummanku cewa mijinta ya guji tukunyarta, ta haɗiye ba ta taɓa kare kanta ba, kuma wannan nauyin nata ya fi nawa. Hausar da na so in koya muku da ƙa'ida, Inna ce ta koya muku ita da faɗa da tatsuniya da sunayen ganyayen miya, kuma na yarda ta fi tawa daɗi, ko da yake har yau akwai kalmomin da nake roƙon kada ku faɗa a gaban baƙi. Sau da yawa nakan ajiye cokali in kasa kunne in ji kuna dariya, in yi ta ƙoƙarin gano abin da aka faɗa. Ban taɓa buɗe ƙofar ba.

Shekara bakwai ta yi tare da mu bayan tafiyar Tihama, da ƙibarta da ƙarfinta, ta yi aikin hajji sau biyu a ciki, ta rasu a ɗakinta bayan gajeriyar jinya, aka sallace ta a Harami kamar yadda ta so. Har ta koma ga Allah ba ta san abin da na gani ta gefen labule ba. Bayan an share makoki na tambayi Ummanku ko Inna ta taɓa cewa wani abu a kaina, don mutum ko ya kai shekara nawa yana son ya ji sakamakonsa. Ta ce ta faɗa, ana saura kwana huɗu ta rasu.

"Ta ce mijinki mutumin kirki ne, ki riƙe shi. Aibinsa ɗaya, bai iya zama da iyali ba. Shekara bakwai ban ga ya ci abinci da 'ya'yansa ba."